A Bar Yaran Nguru Da Gashuwa Su Gwada Da Hannunsu

Tun ranar 29 ga Mayun 2019 da Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da na sakandare a Jihar Yobe, an ga aiki a ƙasa. An gina sababbin makarantu a manyan garuruwan jihar, an gyara tsofaffi, kuma duk mai adalci zai yaba. Sai dai gini yana amsa tambaya ɗaya ce, wato ina yaro zai zauna. Abin da ke shiga kansa bayan ya zauna wata magana ce daban, kuma ita ce ba a cika jin ta a bikin buɗe aiki ba, domin ba ta da allon da za a rubuta sunan ɗan kwangila.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar ajin firamare na gwamnati a Arewa lokacin darasin kimiyya ya san yadda ake yi. Malami zai rubuta ma'anar wata kalma a allo da Turanci, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi sau biyar ko shida, sannan su kwafa a littafi. Ranar jarrabawa wanda ya dawo da jimlar daidai shi ne haziƙi. Yaron da ya haddace cewa ruwa yana zama tururi idan ya ji zafi zai iya gama aji 6 ba tare da an taɓa tambayarsa ina ruwan da uwarsa ta shanya da tufafi ya tafi ba. Wannan ba laifin malami shi kaɗai ba ne. Haka aka koyar da shi, haka ake duba aikinsa, kuma haka jarrabawa take buƙata.

A ko'ina wannan hasara ce, amma a arewacin Yobe farashinta ya fi tsada.

Shekaru da dama ke nan mutanen Gashuwa da garuruwan da ke kewaye da ita suna fama da yawaitar cutar ƙoda. Gidaje sun rasa magidanta, wasu sun sayar da gona da dabbobi don biyan kuɗin magani. Gwamnatin jihar ta haɗa kai da masana na gida da na Birtaniya domin gano musabbabin abin, kuma bincike irin wannan yakan ɗauki shekaru. Kafin ya kammala, kowa yana da nasa bayanin: wani ya ce ruwan sha ne, wani ya ce maganin feshi ne, wani ya ce kifi, wani kuma ya ce sammu. Mutumin da aka horar tun yana ƙarami a kan yadda ake bin dalili, idan aka ce masa wane ya sha ruwan rijiya kaza ya kamu, tambayar da za ta fara zo masa ita ce mutum nawa suka sha ruwan nan ba su kamu ba, kuma waɗanda suka kamu a wata unguwar me suka sha. Ba sai ya zama likita zai yi wannan tambayar ba. Ita ce kuma ke raba iyalin da zai kai marar lafiya asibiti da wuri da wanda zai ƙarar da dukiyarsa wajen mai magani a bakin tasha.

Kada ma'aikacin Abuja ya ɗauka wannan ciwon mutanen karkara ne. A watan Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, saƙon waya ɗaya ya tayar da jama'a da tsakar dare suna wanka da ruwan gishiri, wasu har suna sha, kuma an samu asarar rai. Cikin waɗanda suka yi wankan akwai masu digiri. Takardar shaida ba ta hana su ba, saboda tun daga firamare har jami'a abin da aka saba musu shi ne karɓar magana daga wanda ya fi su, a riƙe, a mayar.

Akwai misali mafi ɗaci. Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, haifaffen Girgir ne a Ƙaramar Hukumar Jakusko, maƙwabciyar Bade. A hirarsa da BBC a 2009, cikin abubuwan da ya kafa hujja da su wajen ƙin karatun boko akwai koyarwar cewa ruwan sama yana samuwa daga tururin da zafin rana ke tayarwa, da koyarwar cewa duniya kewayayya ce. Abin da ya biyo baya Yobe ta gan shi a makarantunta: Mamudo da Gujba a 2013, Buni Yadi da Potiskum a 2014, sai Dapchi a Fabrairun 2018, inda aka kwashe ɗalibai 110 daga kwalejin kimiyya da fasaha ta 'yan mata. Ba wanda zai ce darasin firamare zai hana ta'addanci, domin talauci da zalunci da rashin aikin yi suna da babban kaso a lamarin. Amma matashin da duk iliminsa hadda ce yana da sauƙin musanya wata hadda da wata idan mai magana ya fi malaminsa iya baki. Wanda kuwa ya taɓa zuba ruwan gishiri a kwano, ya kafa ƙaramin kofi a tsakiya, ya rufe da farar leda, ya aza tsakuwa a kanta, ya bar shi a ranar Nguru har la'asar, sannan ya ɗanɗana ruwan da ya ɗiga cikin kofin ya ji babu gishiri, wannan ya ga abin da idonsa, kuma gani ya kori ji.

Irin wannan aiki shi ake nufi da gina tunani ta hanyar kimiyya, kuma ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. A ɗauki tulu. Kowane yaro a Gashuwa ya san ruwan tulu ya fi na jarka sanyi. Malami zai tambayi aji dalili, ya rubuta duk amsoshin a allo ba tare da ya tsayar da ko ɗaya ba. Wani zai ce saboda tulu ƙasa ne, wani ya ce saboda a inuwa ake ajiye shi, wata ta ce saboda yana zufa. Daga nan sai a koma ga tambayar da ita ce zuciyar darasin: ta yaya za a gane wanda ya yi gaskiya? Sai a kawo tuluna 2 masu girma ɗaya, a zuba musu ruwa daga guga ɗaya, a ajiye su wuri ɗaya, a naɗe guda da leda, a bar ɗayan. Idan yaro ya ce a kai na ledar rana, sai a bar 'yan'uwansa su gaya masa abin da ya sa hakan zai ɓata gwajin, wato an canja abu biyu a lokaci ɗaya, ba za a san wanne ya yi aiki ba. Bayan sa'o'i sai a auna, ko da ma'aunin zafi ko da hannu. Tulun da aka hana zufa ba zai yi sanyi kamar ɗan'uwansa ba, alhali dukkansu ƙasa ne, dukkansu suna inuwa. Amsoshi biyu sun faɗi, ta uku ta tsaya, kuma ba malami ne ya yanke hukunci ba.

A cikin wannan darasi guda yaro ya koyi bambanta zato da hujja, ya koyi cewa kwatance ba ya inganta sai an daidaita sauran abubuwa, ya kuma koyi janye maganarsa a gaban jama'a ba tare da jin an ci mutuncinsa ba, wanda darasi ne da manya da yawa a ofisoshin gwamnati ba su samu ba. Idan malamin mai himma ne, zai sa a maimaita gwajin da damina, a ga bambancin ya ragu, a nemi dalili. Da wannan ilimin na tulu ne Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Kayan aikin sun cika kasuwa da gida. Ruwan zoɓo yana ƙara ja idan aka matsa masa lemon tsami, ya yi duhu idan aka jiƙa masa kanwa, don haka yara za su iya jera tsamiya da toka da sabulu da nono su rarraba su gida biyu bisa launin da suka bayar, sannan su yi hasashen inda sabon abu zai faɗa kafin a gwada. Ruwan gulbi a kwalabe 3, ɗaya a bar shi ya kwanta, ɗaya a tace da ƙyalle, ɗaya a zuba masa dakakken ƙwayar zogale, zai nuna wanda ya fi saurin washewa, kuma a nan malami zai dasa tambayar da ta fi kowace amfani a garin da ake fama da ciwon ƙoda: shin duk ruwan da ya yi garau ya zama lafiyayye? Sanda ɗaya a tsakar makaranta ta isa aikin shekara. Nguru da Gashuwa suna kusan layi ɗaya, dab da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, inuwar sandar takan kusan ɓacewa da tsakar rana. Tsakanin waɗannan lokutan tana karkata kudu, sauran watanni kuma arewa. Ajin da ya yi ta auna inuwar kowane mako ya mallaki jadawalin lambobi na kansa, kuma lissafi ya shigo ba tare da an kira sunansa ba.

Sai kuma dausayin Haɗeja da Nguru, wanda masana daga Turai ke biyan kuɗin jirgi don su zo su gani, yaran da aka haifa a bakinsa kuwa suna karanta labarin muhalli daga littafin da aka rubuta da wani wuri a zuciya. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka saka cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. A Dagona, cikin ƙasar Bade, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suke sauka da hunturu. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa ya canja, ciyawar kacala ta mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe wasu, ta karkatar da ruwa zuwa inda ba a so, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Ɗan masunci da ɗan manomi sun san wannan a cikin tukunyar gidansu. Da rami biyu a yashi, ɗaya a kafa masa karare, ɗaya a bar shi fili, a kwarara ruwan laka daidai wa daida, yaro ɗan aji 5 zai ga yadda ciyawa ke rage gudun ruwa, laka ta kwanta, hanya ta cike, ciyawa ta ƙara samun wurin tsiro. Ya fahimci yadda dalili ke haifar da sakamako, sakamakon kuma ya koma ya ƙarfafa dalilin, abin da wasu rahotannin ma'aikatu ke cika shafuka ba su fayyace ba.

Babu sabon abu a cikin wannan tunani, kuma ba baƙo ba ne a Arewa. A Kano aka yi taron 1965 da ya haifar da shirin koyar da kimiyya a firamaren Afirka, wanda ƙasashe masu amfani da Turanci suka shiga, da tallafin Amurka. Ɗaya daga cikin darussansa da suka yi suna an gina shi ne a kan kurkuɗu, ƙwaron nan mai haƙa ɗan rami a rairayi yana jiran tururuwa. Duk tambayar da yaro ya yi, sai a ce masa ya tambayi kurkuɗun, ma'ana ya tsara yadda ƙwaron zai ba shi amsa da aikinsa. A 1970 shirin ya koma hannun ƙasashen Afirka, daga baya kuɗi ya yanke, ya dusashe. A Nijeriya, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara da malaman da aka horar cikin gaggawa, hadda kuma ita ce mafakar malamin da aji ya fi ƙarfinsa. A Indiya, shirin Hoshangabad da aka fara a makarantun karkara 16 a 1972 ya rayu shekara 30, kuma babban sirrinsa shi ne an canja jarrabawar kanta: ana barin ɗalibi ya shiga da littafi, ana sa shi ya yi gwaji. Duk da haka gwamnatin jihar ta rufe shi a 2002. Shiri irin wannan yana mutuwa da zarar ya dogara da mai ba da tallafi, ko kuma jarrabawa ta ci gaba da saka wa mai hadda.

Za a ce yaran da ba su iya karatu ba, ina su ina gwaji? Tambaya ce mai nauyi, domin matsalar karatu da rubutu a firamaren Arewa gaskiya ce. Amma yaron da ya auna inuwa yana da abin da zai rubuta, kuma jimlar da ta fito daga abin da ya gani ta fi zama a kansa fiye da wadda ya kwafa. Za a kuma ce aji mai yara fiye da kima ba ya gwaduwa. Da wuya, amma tuluna biyu a gaban aji sun ishi kowa kallo, kuma muhawarar da ke biyo baya ba ta cin ko sisi. Masu fargabar addini kuwa, ya kamata a tuna musu cewa manɗiƙi fanni ne da malaman zaure suka daɗe suna karantarwa, kuma Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kansa, ya kuma kare shi a musayar da ya yi da Imam Suyuɗi.

Harshe ne ya fi wuyar sha'ani. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare. Ko mene ne hujjar ma'aikatar, yaro ɗan shekara 8 a Nguru, wanda ke jin Manganci ko Fulatanci a gida da Hausa a kasuwa, ko takwaransa na Gashuwa mai jin Badanci, ba zai iya musu a kan dalilin sanyin tulu da Turanci ba. Zai yi shiru, shirun kuma shi ne mutuwar darasin. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci har da kimiyya ba su yi baya ba. Mafi ƙarancin abin da ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta yi shi ne ta bayyana a rubuce cewa malami yana da damar barin yara su yi muhawara da harshen da suke tunani da shi, sannan a rubuta sakamakon da Turanci, don kada mai duba makarantu ya ɗauki hakan laifi.

Sauran aikin yana kan teburan da masu karanta wannan shafi suke zaune. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya domin ilimin matakin farko, kuma a rabon da Hukumar UBEC ke yi akwai kason kayan koyarwa da kason horar da malamai, ban da tallafin da jihohi ke karɓa bayan sun ajiye nasu. Manhajar Hukumar NERDC ta riga ta tanadi gurbin ayyukan ɗalibai a kowane darasi. Shirin SMASE, wanda aka fara a 2006 da taimakon Japan, an gina shi ne a kan koyar da malamai yin amfani da kayan da ke kusa. Cibiyoyin Hukumar NASENI da ke Minna da Enugu suna ƙera akwatunan kimiyya na firamare. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗa waɗannan a aji guda, a hannun malami guda, na tsawon lokacin da zai zama ɗabi'a. Horon kwana uku a otal a babban birnin jiha, da alawus da hoto, bai taɓa canja yadda ake koyarwa ba. Akwatin kayan gwaji kuma sau da yawa a ofishin hedimasta yake ƙarewa a kulle, saboda tsoron kada wani abu ya fashe a tuhume shi.

Arewacin Yobe yana da abin da yankuna da yawa ba su da shi. A Gashuwa akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, akwai Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke yaye malaman da za su shiga waɗannan azuzuwa. A Nguru akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da tashar auna yanayi. A Damaturu akwai cibiyar binciken BioRTC da aka buɗe a Jami'ar Jihar Yobe a 2021 bisa jagorancin Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Sussex, ɗan asalin Nguru, wanda ya yi shekaru yana kai kimiyya makarantu. Yankin ya fitar da Shugaban Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023, Sanata Ahmad Lawan, wanda shi kansa ilimin ƙasa ya karanta. Wannan jarida tana ganin kwalejin Gashuwa ce ya kamata ta zama cibiyar aikin: kada ɗalibi ya fita da shaidar NCE ta koyarwa a firamare sai ya gudanar da darussan gwaji a gaban yara na gaske, malaman da ke bakin aiki kuma a riƙa tara su gungu-gungu a makarantun kusa da su kowane wata, malamin kwaleji ya zo ya ga abin da suka gwada.

Hadiman 'yan majalisa da ke tsara ayyukan mazaɓu sun san yadda ake cusa babura da kekunan ɗinki a kasafin kuɗi. Layi ɗaya na ma'aunan zafi, gilasan ƙara girma, awon tsawo da kuɗin zirga-zirgar masu horarwa na shekara 3 ga makarantun Bade, Nguru, Jakusko da Karasuwa ba zai kai kuɗin ginin katanga ɗaya ba. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas ma tana da hurumin ɗaukar irin wannan. Hukumar NECO, wadda ke shirya jarrabawar shiga kwalejojin tarayya, tana iya ƙara tambayoyin da ke ba yaro sakamakon wani gwaji a ce ya faɗi abin da ya nuna da abin da bai nuna ba, domin malamai suna koyar da abin da ake tambaya. Jami'in sa ido da UBEC ke turawa Yobe kuwa, bayan ya ƙirga kujeru da rufin kwano, ya karɓi littattafan yara 5 daga aji 4, ya duba ko a cikinsu akwai lamba ɗaya da yaron ya auna da kansa, ya rubuta abin da ya samu a rahoton da zai kawo Abuja.